Katangaggen da Ke Katangewa: Daren da Riruwai Ta Ɓace Daga Allo

Ɗakin da yake aiki a ciki ba shi da taga. Yana hawa na biyu na wani bene a birnin Kano, sanyinsa ya fi na hunturu saboda na'urori, kuma bangonsa na gabas allo ne tun daga sama har ƙasa. A kan allon ake ganin halin da turakun sadarwa suke ciki, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, tun daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, har a dangana da ƙasar Doguwa. Turken Riruwai ne na ƙarshe a wannan jeri, kuma shi idonsa ke fara nema duk lokacin da ya karɓi aikin dare, domin a garin aka yanke masa cibiya, can kuma mahaifiyarsa take har yanzu.

Riruwai tana kimanin kilomita 140 kudu da Kano, a tsakiyar duwatsun da suka yi mata zobe. Tun kafin zuwan Turawa mutanenta ke narka kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake na ɗauka zuwa kasuwanni masu nisa. Daga baya aka buɗe mahaƙar kuza da tutiya ta ƙarƙashin ƙasa, wadda aikinta ya tsaya a shekarun 1980. Mahaifinsa ya yi lebura a cikinta. Abin da ya fi tunawa daga hirar tsohon shi ne cewa a cikin rami, idan ka kira abokin aikinka bai amsa ba, ba ka cewa yana lafiya. Ajiye diga kake yi ka je ka duba. Yaron ya ji wannan magana sau da yawa har ta gundure shi, kamar yadda maganar iyaye kan yi.

Duwatsun da suka ba garin arziki su ne suka wahalar da sadarwarsa. Saƙon da ke tafiya tsakanin turke da turke ta iska yana bukatar farantin wannan ya hangi farantin wancan ba tare da shamaki ba, saboda haka turken Riruwai ba ya magana da Kano kai tsaye. Yana miƙa wa na gabansa, na gaban ya miƙa wa wani babba a yankin Tudun Wada, wanda ma'aikata ke kira uwa, sauran kuma 'ya'ya. Idan uwa ta faɗi, duk 'ya'yan sun yanke. Wuta kuwa daga janareta da batura take zuwa: injin ya yi aiki ya cika batura, ya huta, batura su ɗauka, in sun yi ƙasa ya sake tashi da kansa. Tun wajen 2014, lokacin da manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da suka ƙware a kula da su, ya zama ruwan dare a ga layuka biyu ko uku a rataye a ƙarfe ɗaya. Wannan ya rage kashe kuɗi, amma ya kawo wani abu: in wutar turken ta ɗauke, sauya layi ba ya fitar da kowa.

Duk abin da ya faru a turke, na'ura kan aiko da ɗan gajeren rahoto: inji ya tsaya, mai ya yi ƙasa, an buɗe ƙofa, zafi ya yi yawa, hanya ta yanke. Kowane ɗaya aukuwa ce, kuma kowace tana da daraja. Tsarin da ƙungiyar sadarwa ta duniya ta fitar a 1992 mai lamba X.733 ya jera darajojin daga mai tsanani, zuwa babba, zuwa ƙarama, zuwa gargaɗi, sannan ga alamar cewa matsala ta wuce. Wanda bai taɓa zama a irin wannan ɗaki ba zai zaci wahalar ita ce samun labari. Wahalar ita ce yawansa. Hadari ɗaya na watan Agusta zai iya kwararo dubban rahotanni cikin rabin sa'a, kuma mutum biyu ne ke zaune. Masu wannan sana'a ba su manta da matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya ba, wadda ta fashe a watan Yuli na 1994: bincike ya nuna cewa a minti 11 na ƙarshe ma'aikata biyu sun fuskanci faɗakarwa 275. Ba rashin ƙararrawa ne ya kashe su da aiki ba.

Maganin da aka samo shi ne a sa manhajar sa ido ta tace rahotanni kafin su kai ga idon mutum, bisa wasu umarni da ake rubuta mata. Kalmar da Turawa ke kiran waɗannan umarni da ita, gidajen rediyo sun saba fassara ta da manufa, kamar a manufofin gwamnati. A nan fassarar ba ta zauna ba. Manufa abu ce da ake nufa, tana da niyya a cikinta, alhali abin da ake magana a kai ba shi da niyya ko kaɗan: in kaza ya cika, a yi kaza. Ƙa'ida ta fi dacewa, kuma ita ma'aikatan ɗakin da kansu suke amfani da ita in sun juya harshe zuwa Hausa.

Ƙa'idoji shida ne ke da hannu a labarin nan, kuma ba mutum ɗaya ya rubuta su ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Biyu sun zo tare da manhajar tun daga masu ita. Ta farko tana haɗe maimaici: in rahoto iri ɗaya ya sake zuwa daga wuri ɗaya, ba a buɗe masa sabon layi, sai a ƙara ƙidaya a kan na farko. Ta biyu shara take yi, tana goge rahotanni masu ƙaramar daraja da suka kwana suka wuni ba wanda ya taɓa su. Wani injiniya da ya bar aiki tun kafin a ɗauke shi ya rubuta ta uku, wadda ke duba kundi ta ƙara wa kowane rahoto sunan gari, da sunan uwar turken, da na ma'aikacin da ke kula da shi. Ta huɗu ta lokacin gyara ce: in an sanar cewa za a yi aiki a turke daga ƙarfe kaza zuwa kaza, duk rahoton da ya fito daga can a tsakanin lokacin sai a sauke darajarsa zuwa ƙasa, a janye shi daga babban allo. Ta biyar ita ce mai tada mutane, wadda ke buɗe tikiti ta aika saƙo ga ma'aikacin yanki in rahoto mai tsanani ya yi minti goma sha biyar a fili.

Ta shida tasa ce, kuma ya yi alfahari da ita. A daminarsa ta farko ya ga yadda faɗuwar uwa ɗaya ke jawo kukan 'ya'ya goma sha, kowanne da tikitinsa, har a tura mota Riruwai alhali ciwon yana Tudun Wada. Dabarar ba sabuwa ba ce. Manhajar Nagios, wadda ta fara fitowa a 1999 da wani suna, ta daɗe tana bambanta na'urar da ta mutu da wadda kawai ba a iya kaiwa gare ta saboda ta gabanta ta mutu. Shi dai ya zauna ya rubuta tasu: in akwai buɗaɗɗen rahoton yankewar hanya a kan uwa, a danne duk abin da ya fito daga 'ya'yanta. Ya gwada ta sau da yawa, ta yi aiki. Tikitocin banza suka ragu ƙwarai, ogansa ya yaba masa a gaban mutane. Abin da bai yi ba, kuma ba wanda ya ce ya yi, shi ne ya gwada ta tare da sauran biyar ɗin a lokaci guda.

Wata Talata ta damina aka shirya sauya faranti a kan uwar, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Da goma da minti ashirin hanya ta yanke, kamar yadda aka tsara. Rahoto ya iso, ƙa'ida ta huɗu ta sauke darajarsa ta ɓoye shi, ta shida ta danne kukan 'ya'ya. Komai daidai. Kafin la'asar aka gama aiki, hanya ta dawo, mutanen Riruwai suka ci gaba da waya. Na'urar uwa ta aiko da sanarwar cewa matsala ta wuce, sai dai sanarwar ba ta iso ba. Tsarin SNMP da yawancin irin waɗannan na'urori ke aika rahoto da shi, wanda aka fara a 1988, yana da nau'in saƙon da ake jefawa sau ɗaya ba a jiran amsa. In ya faɗi a hanya, ya faɗi ke nan, mai aikawa bai sani ba, wanda aka aika wa bai san an aiko ba. Daga baya an ƙara nau'in da ke neman amsa, amma tsofaffin saituna da dama ba a sauya su ba. Sanarwar ta fita ne a cikin 'yan daƙiƙun da hanyar ke kan daidaita, ta salwanta.

Saboda haka a cikin kundin manhajar uwa tana nan a yanke. Ƙa'ida ta huɗu tana sauke daraja ne a lokacin da rahoto ya shigo, ba ta komawa ta ɗaga shi in lokacin gyara ya ƙare, don wanda ya rubuta ta ya ɗauka kafin nan rahoton ya rufu. Ba wanda ke ganin sa. Ita kuwa ta shida ba ta tambayar darajar rahoton uwa, ba ta tambayar ko yana fili ko yana ɓoye, ba ta tambayar tun yaushe yake. Tambayarta ɗaya ce: a buɗe yake? A buɗe yake.

Da ƙarfe tara saura minti ashirin na dare injin Riruwai ya yi tari ya mutu, ruwa ya shiga man gas ya toshe matata. Rahoto mai tsanani ya taso, ya bi ta kan uwar da ake cewa ta yanke, ya iso Kano lafiya lau. Ta uku ta rubuta masa sunan uwarsa, ta shida ta duba ta danne shi. Bayan minti biyu na'urar ta sake aikowa, ta farko ta haɗe shi da ɗan'uwansa da ke danne, ta ƙara ƙidaya. Ta biyar, mai tada mutane, abin da ke fili kaɗai take dubawa. Kowace ta yi abin da aka rubuta mata ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Maigadin turken, wanda bai cika wata biyu da fara aiki ba, ya kira ma'aikacin yanki a Tudun Wada ya ce inji ya tsaya kuma tsayuwar ba irin ta kullum ba ce. Ma'aikacin ba shi da tikiti. Akwai makanike a kusa da garin da ake kira in ta ɓaci, amma ba ya fita sai da lambar tikiti, domin in babu ita ba a biyan sa. Wannan ita ce ƙa'ida ta bakwai, wadda ba a cikin manhaja take ba, a ofishin kuɗi take. Ma'aikacin ya kira ɗakin sa ido da tara da 'yan mintuna, shi kuma ya ɗauka.

"Injiniya, duba mini Riruwai. Maigadi ya ce inji ya mutu."

Ya ɗaga kai ya dubi allo. "Kore ce shar, Oga. Hutu injin ya shiga, batura sun ɗauka. Sabo ne, bai saba da shi ba tukuna."

"Haka ni ma na ce. To, sai da safe."

Bai buɗe jerin abubuwan da aka danne ba. Danna maɓalli biyu ne kawai, amma ba a saba buɗewa ba, domin amfanin dannewa ke nan, a huta da dubawa. Batura suka riƙe har wajen biyu da rabi na dare. Suka aiko da gargaɗin raguwa, aka danne. Suka aiko da na ƙarewa, aka danne. Da turken ya yi shiru gaba ɗaya manhajar ta lura, ta haifar da rahoton mutuwarsa da kanta, sannan ta danne shi shi ma.

Wajen ƙarfe uku numfashin baffansa, yayan mahaifinsa, ya sarƙe. Gidan akwai waya huɗu da layuka uku, ba wadda ta nuna ko sanda ɗaya. Mai motar da suka saba kira yana wani ƙauye, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙaninsa ya hau babur ya je ya taso shi, aka ɗauki tsohon, kuma sai da suka hau babban titi sabis ya dawo. Ana kiran assalatu wayarsa ta yi ƙara a ɗakin mai sanyi.

"Yaya, muna hanyar asibiti da Baffa. Tun dare muke neman ka, babu sabis a garin gaba ɗaya."

Yana riƙe da wayar yana kallon ɗigon Riruwai, kore shar. Ya danna maɓallan biyu. Layi huɗu ne kacal, na farkon ƙidayarsa ta haura ɗari da saba'in. Ya bi sawun abin da ya danne su, ya tarar da rahoton uwa na jiya da safe yana kwance a inda ba a dubawa. Ya rufe shi da hannu, nan take Riruwai ta koma ja, tikiti ya buɗe, saƙo ya tafi. Makaniken ya gyara injin cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Da ba a kira shi ba, abin da zai tona asirin shi ne ƙa'idar shara, wadda da goma da minti ashirin na safiyar Laraba za ta goge rahoton uwar a matsayin tarkace mara daraja, ta saki 'ya'yan ba da saninta ba.

Baffa ya kwana biyu a asibiti ya rasu. Ciwon zuciya ne da ya daɗe yana fama da shi, kuma likitan da ya duba shi bai ce jinkirin ne ya yi sanadi ba. Ba wanda ya ɗora masa laifi a gida. Yawancinsu ma ba su san aikinsa ya shafi wannan turke ba. Mahaifiyarsa kaɗai ta sani, ba ta kuma ce komai ba sai, "Ka ci abinci dai, ɗan nan." Shi ma bai ce shi ya kashe baffansa ba, don ya san ajali. Abin da ya hana shi barci ƙarami ne a kan wannan: mutum mai ido da kunne ya ce inji ya mutu, shi kuma ya ƙaryata shi da launin ɗigo.

A zaman makoki, rana ta uku, hira ta gangara kan rabon gado, wani malami daga cikin dattawan unguwa ya shiga bayanin hajbu, wato yadda magaji ke katange magaji. Akwai katangewa ta hanawa ɗungurungum, kamar yadda ɗa namiji ke hana 'yan'uwan mamaci. Akwai ta ragewa, kamar yadda samuwar ɗa ke mayar da rabon miji daga rabi zuwa rubu'i, na mata daga rubu'i zuwa sumuni. Ya saurara da rabin hankali, yana cewa a ransa ai wannan dannewa ce da sauke daraja. Sai malamin ya kawo mas'alar wanda ya mutu ya bar uba da uwa da 'yan'uwa biyu ko fiye. Uba ya katange 'yan'uwan, ba su samun komai. Amma duk da haka samuwarsu tana mayar da uwa daga sulusi zuwa sudusi. An katange su, sun kuma katange. Wani ya tambaya ko haka abin yake ga kowane wanda aka hana, malamin ya ce a'a: wanda siffarsa ce ta hana shi, kamar wanda ya kashe mamacin da gangan, ana ɗaukar sa kamar babu shi, ba ya ci, ba ya kuma rage wa kowa.

Abin da ya tsaya masa a rai ba kamannin ba ne, bambancin ne. Malaman fiƙihu sun tsaya a kan wannan tambaya tun ƙarnoni da suka wuce, wato ko wanda aka kawar daga rabo yana da sauran tasiri a kan wasu, suka rarrabe, suka ba kowane hali hukuncinsa a fili. A manhajar ɗakinsu ba wanda ya taɓa yin tambayar. Amsa tana nan, amma ba wanda ya zaɓe ta. Ta faɗo ne daga haɗuwar rubutun mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Matarsa, wadda ta karanta Hausa a jami'a take kuma koyar da ita a sakandare, ta kalli abin ta wata fuska da ya zayyana mata shi a takarda. Ta ce wannan ai jeranta dokoki ne, an yi musu shi a darasin tsarin sauti. Masu karanta wannan mujalla ba sa bukatar dogon bayani a nan. Tun 1968 Paul Kiparsky ya raɗa wa dangantakar suna: akwai dokar da ke ciyar da wata, wato ta samar mata da abin da za ta yi aiki a kai, akwai kuma wadda ke tsotse wa wata jini, ta ɗauke mata abin tun kafin ta iso. Ganɗantawa tana mayar da ƙasa ƙasashe, mota motoci, amma sai, da baki da yawa ke furtawa kusa da se, ba ta zama she ba, domin wasalin gaban ya samu ne bayan dokar ta riga ta wuce. Dokar Klingenheben ta ba mu talauci kusa da talaka, da farke kusa da fatake, amma lakca ta shigo bayan an rufe ƙofa, ta zauna da k ɗinta. Ta nuna masa a takardarsa: ta uku ta ciyar da ta shida, tunda in babu sunan uwa babu abin dannewa, ta shida ta tsotse ta biyar, ta huɗu kuma ta yi aikinta sau ɗaya ta wuce, abin da ya sauya bayanta bai dame ta ba. "Kai ka nazarci kowace doka ita kaɗai, Malam," in ji ta. "Mu da haka za mu amsa jarrabawa, da an kayar da mu."

Kamancen yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Mai nazarin harshe yana tarar da sakamako ne a bakin mutane, ya koma baya ya gano jerin da ya haifar da shi. Harshen ya riga ya daidaita kansa tsawon zamani. Mai rubuta ƙa'idojin manhaja shi ke ƙirƙirar jerin, sau da yawa ba tare da ya san yana ƙirƙira ba, kuma ba wata al'umma da za ta goge masa kaifin kuskure da yawan amfani. Manhajojin ma ba su yi ittifaƙi ba. A wasu kowane rahoto yana ratsa dukkan ƙa'idoji bisa lambar fifiko, ta baya tana ganin abin da ta gaba ta sauya. A wasu, kamar bishiyar rarraba saƙo ta Alertmanager, reshen farko da ya dace shi ke ɗauka a tsaya nan, sai in an rubuta a ci gaba. A wasu kuma ƙa'idojin na tashi ne bisa agogo, wannan duk minti ɗaya, waccan duk minti biyar, ta yadda wadda za ta riga wata ya dogara ga daƙiƙar da rahoto ya shigo. Ƙa'idoji shida suna da jeri 720 da za a iya tsara su. Ba wanda ke gwada 720.

Da ya koma aiki ya karanta rahoton ɗaukewar wutar da ta auku a arewa maso gabashin Amurka da Ontariyo ta Kanada ranar 14 ga Agusta, 2003, wadda ta shafi mutane kimanin miliyan 50. A wani ɗakin sa ido a jihar Ohayo, sashen manhajar da ke fitar da faɗakarwa ya maƙale fiye da sa'a ɗaya ba tare da ya nuna ya maƙale ba. Layukan wuta suna faɗuwa, maƙwabtan kamfanoni suna bugo waya suna tambaya, ma'aikata suna duban allonsu da bai nuna komai ba suna kwantar wa masu kiran hankali. Sanadin can kuskuren rubutun manhaja ne, nasa kuwa haɗuwar ƙa'idoji ce masu lafiya, amma ya gane muryar masu amsa wayar. Ya rufe takardar bai kai ƙarshe ba.

Gyaran farko da ya kawo ya ba shi kunya saboda sauƙinsa. Rahoton mutuwar inji daga Riruwai ta kan uwa yake biyowa. Isowarsa kaɗai hujja ce cewa uwar tana raye. Ƙa'idarsa ta kasance tana karɓar wasiƙa daga hannun manzo tana kuma rubuta cewa manzon ya mutu. Ya taƙaita ta: ba ta danne komai sai rahoton yankewar hanya, abin da ya shafi wuta da mai da ƙofa kuwa ya wuce ko uwa na raye ko ba ta raye. Ya sa mata wa'adi, in dannewa ta kai sa'a biyu sai manhajar ta tuntuɓi uwar kai tsaye ta tabbatar. Ya nemi a gyara ta huɗu yadda in lokacin gyara ya cika, duk abin da ya rage a buɗe zai koma darajarsa ta asali. Waɗannan ba a yi musu da shi ba.

Inda aka yi musu shi ne kan buƙatarsa ta a sa wani ɗan akwati a kusurwar babban allo da zai riƙa nuna adadin rahotannin da ke danne a kowane lokaci, da wanda ya fi daɗewa a cikinsu. Ogansa ya ce an kashe kuɗi da lokaci don a raba ma'aikata da hayaniya, yanzu kuma ana so a dawo da ita ta taga. Lambar da kullum take nuna ɗaruruwa, bayan mako biyu ido zai daina ganin ta. Maganar ogan gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi aikin dare ya san haka. Duk ƙa'idar da aka sassauta, wani tikitin banza zai dawo, wata mota za ta ratsa Falgore a kan abin da bai kai ba, kuma hanyar ba wadda ake so a bi ba gaira ba dalili ce. Aka tsaya a tsakiya: ba a nuna adadi, ana nuna shekarun mafi tsufa kawai, in ya wuce sa'a uku akwatin ya sauya launi. Ko wannan ma ƙa'ida ce, ta takwas ko ta tara, kuma ya san tana zaune ne a kan sauran kamar yadda tasa ta zauna.

Batun tikitin makanike bai samu shiga ba. Ofishin kuɗi ya ce in aka buɗe ƙofar fita ba lamba, ba za a iya rufe ta ba. Abin da ya samu shi ne izinin ma'aikacin ɗaki ya buɗe tikiti da hannu bisa maganar maigadi, ko da allo bai nuna komai ba, muddin ya rubuta sunansa a kai. A wata shida na farko ya buɗe irin wannan sau biyar. Uku daga ciki hutu injin ya shiga da gaske, aka kuma tuna masa da hakan a taron wata.

Maigadin yana nan a Riruwai. Da ya je gida hutun sallah ya hau har gindin turken ya gaishe shi, ya ce masa shi ne wanda ya amsa waya a daren nan. Mutumin ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ai ya gane muryar. Ya nuna masa yadda ya bambanta tsayuwar: in hutu ne, injin kan sauke murya a hankali kafin ya yi shiru, a daren kuwa sai da ya yi tari sau uku, fitilar gefensa ta koma ja. Ya tambaye shi ko akwai inda za a rubuta wannan a cikin kwamfuta. Ya ce masa zai duba, ya karɓi lambarsa ta biyu, ta wayar matarsa, ya sauko kafin hadarin da ke haɗuwa ta bayan duwatsu ya iso.